Sufacaja a Kan Injin Kamfani: Shekara Ɗari Ana Laluben Iyakar Ƙarfe

Duk wanda ya ɗaura wa motarsa sufacaja, tambaya ɗaya ce ke hana shi sakat: shin kayan da kamfani ya zuba a cikin injin za su jure, ko kuwa wata rana za a ji ƙara, a buɗe bonet a tarar konrod ya fasa bulok ya leƙo waje? In injin ya tsira, yaya kuloci da giya da aksul? An yi wannan tambaya a Ingila a 1929, an yi ta a garejojin Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har gobe kuma ana yin ta a duk inda mai mota ya ga ƙarfin da aka sayar masa bai ishe shi ba. Amsar ce ta yi ta canzawa.

Aikin na'urar ba shi da wuyar ganewa. Ƙarfin inji daga ƙona fetur yake zuwa, fetur kuwa ba ya ci sai da iska. Injin da ba a taɓa ba, iya iskar da fistin ya zuƙo yake samu. Sufacaja famfo ce da galibi belti ke juyawa daga karanshaf, tana ɗura wa silinda iska da ƙarfi, kamar yadda zuga-zugin maƙeri ke hura gawayi har ƙarfe ya yi ja. Nauyin iskar da muke shaƙa a bakin teku psi 14.7 ne, da ma'aunin nan da mai faci ke gwada taya. In aka ƙara psi 7, inji ya samu ƙarin kusan rabin iskarsa, sai a ƙara masa fetur daidai da haka, ƙarfi ya tashi.

Sai dai ƙarfin ba daga sama yake faɗowa ba. Kowane kamfani yakan bar rara a jikin kayansa. Ya yi konrod da kaurin da ya fi buƙatar yau da kullum, ya sa lagireto mai ɗan girma, ya rage wa inji wuta, don ya san motar za ta gamu da zafin rana, da gurɓataccen mai, da direban da ke manta juyen baƙin mai, da tsufa. Daga wannan rarar sufacaja take ci. Tarihinta kaf, tarihin yadda aka koyi auna rarar ne, da yadda wurin da ke fara karyewa ya yi ta ƙaura daga wannan ƙarfe zuwa wancan.

Daga wurin narka ƙarfe zuwa filin tsere

Asalin na'urar ma ba don mota aka yi ta ba. 'Yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, su suka yi mata rajista a 1860, aikinta kuwa hura wutar narka ƙarfe da tura iska cikin ramukan haƙar ma'adinai. Sai bayan shekara sittin, a baje kolin motoci na birnin Balin a 1921, aka nuna motocin Mercedes masu ɗauke da ita. Injiniyoyin Jamus ba su bar ta tana aiki kullum ba. Sai direba ya danne totur har ƙasa take kamawa, da ya ɗaga ƙafa ta saki. Tun ranar farko masu ƙera injin sun san abu ne na ɗan lokaci.

Labarin da ya fi shahara kan ɗora sufacaja a injin da ba don ita aka zana shi ba, shi ne na Sir Henry Birkin, ɗan tseren Ingila da aka fi sani da Tim. Birkin ya ga Bentley mai lita 4½ ba ta da gudun da yake so, sai ya nemi injiniya Amherst Villiers ya yi mata sufacaja, aka ɗaura ta a gaban lagireto, a hancin karanshaf. W. O. Bentley, wanda ya zana injin, bai yarda ba ko kaɗan. A ganinsa mai son ƙarin ƙarfi ya ƙara girman inji. Amma akalar kamfanin a lokacin tana hannun Woolf Barnato mai kuɗin, shi kuwa ya amince. Aka ƙera guda 50 na sayarwa don cika sharaɗin shiga tseren Le Mans. Injin mai ƙarfin doki 110 ya koma 175 a motocin titi, na tsere kuma ya kai 240.

A tseren awa 24 na Le Mans na 1930 biyu daga cikin motocin tseren Birkin suka shiga. Sun yi gudu na ban mamaki, suna fafatawa da Mercedes ɗin Rudolf Caracciola, ita ma mai sufacaja, ita ma kuma ba ta kammala ba. Kafin awa 24 ta cika injunan Birkin duka biyu sun mutu. Motar da ta zo ta ɗaya da wadda ta zo ta biyu, Bentley ne masu lita 6½ marasa sufacaja, irin waɗanda W. O. ya so. Kuma fa ba haka nan aka bar injunan Birkin ba, an ƙarfafa musu karanshaf an canza fistin, amma zafin da suke tarawa ya fi ƙarfin abin da ruwa da baƙin mai za su kwashe. Injin da zai ba da ƙarfi na minti goma, ba lallai ya iya ba da shi yini da kwana ba.

Abin da ke cin fistin

Mutane da yawa suna zaton nauyin ƙarin ƙarfin ne ke karya inji kai tsaye. Galibi ba haka ba ne. Nauyi iri biyu konrod ke ɗauka: turin wuta daga sama, da fizgar fistin duk sa'ad da ya kai ƙarshe ya juyo. Na biyun ya fi saurin hauhawa. In aka ɗaga juyin inji daga 6,000 zuwa 7,200 a minti, wato ƙarin kashi 20 cikin ɗari, nauyin fizgar da kashi 44 yake ƙaruwa. Sufacaja kuwa ba ta buƙatar inji ya ƙara juyi. Yawancin turin da take ƙarawa yana zuwa ne bayan fistin ya fara gangarowa, don haka ƙololuwar matsin cikin silinda ba ta tashi yadda ƙarfin ke tashi. Shi ya sa ake samun injin kamfani ya ɗauki ƙarin kashi 40 cikin ɗari, ya kuma yi shekaru lafiya ƙalau.

Zafi da ƙwanƙwasa su ke kashe shi. Iska in aka matse ta zafi take yi, psi 10 kan ƙara mata digiri 60 zuwa 80. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta, ta ratsa silinda bi da bi tana tura fistin. In zafi da matsi suka yi yawa, ragowar man da wutar ba ta iso gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya, ya doki kan fistin. Daga waje ɗan ƙaras-ƙaras kawai ake ji, wani lokaci ma rurin salansa ya danne shi.

Wanda ya taɓa riƙe fistin da ƙwanƙwasa ta ci ba ya mantawa. Gefen kansa ya zaizaye ya yi kaushi, bakin fulogi ya yi ɗigo-ɗigon narkakken alminiyam, ɗan dandamalin da ke saman ringi ko tsakanin ringi biyu ya ɓalle. Sau da yawa ringin kansa ne ke jawo haka. Ringi ba a rufe yake ba, akwai 'yar tsaga tsakanin bakinsa biyu wadda ba ta cika kai rabin milimita ba, an bar ta ne don ya samu wurin miƙewa in ya ɗau zafi. Kamfani ya auna tsagar daidai da zafin injin da ba shi da sufacaja. In zafi ya wuce haka, bakunan su haɗe, ringin ya rasa inda zai je, ya cije bangon silinda alhali fistin na tafe, sai ya tsinke masa baki. A wannan rabin milimita ake rabuwa tsakanin inji mai lafiya da wanda za a sauke.

Tun farkon shekarun 1920 Harry Ricardo a Ingila ya nuna cewa irin man da aka zuba ne ke yanke iyakar matsin da inji zai ɗauka. A 1921 Thomas Midgley na General Motors ya gano cewa wani sinadarin dalma yana hana ƙwanƙwasa, aka shiga zuba shi a fetur, kafin daga baya duniya ta tabbatar guba ne ta haramta shi. Daga irin waɗannan bincike aka samu lambar okten da ake auna juriyar fetur da ita. Tun daga nan, ba a raba maganar sufacaja da maganar okten.

Zamanin saye a kwali

A 1937 Robert Paxton McCulloch ya fara sayar da sufacaja wadda mai Ford V8 zai saya ya ɗaura a garejinsa. Injin Ford na lokacin ƙarfin doki 85 gare shi, karanshaf ɗinsa a kan mazauni uku kacal yake kwance, hayaƙinsa kuma ta cikin bulok yake bi kafin ya fita, shi ya sa ya yi ƙaurin suna wajen tafasa ruwa. Abin da ya cece shi, matsinsa ƙasa-ƙasa ne, wajen 6 zuwa 1, iskar da ake ƙara masa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Bayan yaƙi, samarin Kalifoniya irin su Barney Navarro suka koma kwance famfunan iska daga injunan dizal na GMC suna ɗorawa a kan Ford. Su waɗannan tsere suke yi, sun kuma san sauke inji yana cikin lissafi.

A 1953 McCulloch ya fito da samfurin VS57, har kamfanonin mota suka fara saye a wurinsa. Kaiser ta 1954 ta tashi daga doki 118 zuwa 140, Studebaker Golden Hawk ta 1957 ta kai 275. Da psi 5 ko kusa da haka, injunan sun jure. Abin da ya fi ba mutane ciwon kai a lokacin sufacajar ce kanta, domin ƙwallayen ƙarfen da ke juya ta suna cinyewa in ba a kula da mansu ba.

A ɗaya gefen kuma ga Volkswagen Beetle. Da gangan kamfanin ya shaƙe injinta da ƙaramin kafireto, don mutum ya danne totur ƙasa ya yini yana tafiya ba abin da zai same shi. Rara ce mai yawa, kuma ita kamfanin Judson na garin Conshohocken a jihar Pensilbeniya ya hango. A shekarun 1950 ya sayar da ɗimbin sufacaja ga masu Beetle, kowace da kwalbar mai a gefe da ke ɗiga mata a hankali. Wanda ya tuƙa da hankali ya more. Wanda ya riƙa danne ta a hawa cikin rana kuwa, silinda ta uku ce ke tona masa asiri. Injin da iska ake sanyaya shi, iskar da ke zuwa wa silinda ta uku kuma sai ta fara ratsa na'urar sanyaya baƙin mai, don haka da ɗuminta take isowa. A nan bawul ɗin hayaƙi ke fara ƙonewa.

A 1962 Oldsmobile ta gwada wata dabara a motarta Jetfire, wadda turbo, 'yar'uwar sufacaja da hayaƙin inji ke juyawa, ce ke hura mata iska. Ta bar matsin injin a 10.25 zuwa 1, ta sa ɗan tanki na ruwa da barasar metanol da ake fesawa don kashe ƙwanƙwasa. Dabarar ta yi aiki, amma masu motocin suka riƙa barin tankin ya bushe, har daga baya kamfanin ya koma cire turbon yana sa wa mutane kafireto. Duk tsaron da ya dogara ga mai mota ya tuna wani abu kullum, ba ya ɗorewa.

Babbar matsalar wannan zamani ita ce, kafireto da distiributa ba su san an ƙara iska ba. Makanike da kunnensa da launin fulogi yake saiti. In ya dace, to. In bai dace ba, sai fistin ya gaya masa.

Shigowar burenbos

Shekarun 1970 sun yi wa harkar sanyi: tsadar mai ta 1973, dokokin hayaƙi, da fara cire dalma daga fetur. Amma a cikinsu aka shuka abin da ya canza komai. Aka samu na'urar da ke manne a jikin bulok tana sauraron ƙwanƙwasa, da ta ji ta sa a janye wuta. Buick ta fara amfani da ita a 1978, Saab ta biyo baya a farkon shekarun 1980. Nozul masu aiki da kwamfuta kuma suka maye gurbin kafireto.

Motar da ta zama makarantar sana'ar ita ce Ford Mustang mai lita 5 ta 1987 zuwa 1992, mai ƙarfin doki 225. Tana da araha, fistin ɗinta kuma na ƙira ne, wanda aka buga daga curin ƙarfe, ya fi na zubi juriya. Kamfanonin sufacaja irin su Paxton, da Vortech da aka kafa a 1990, da ProCharger wanda ya zo da lagireton sanyaya iska, suka cika kasuwa. Dabarar ƙara mai a lokacin ɗanya ce: wani ɗan bawul ne ke toshe hanyar komawar fetur tanki in iska ta ƙaru, matsin mai ya tashi, nozul su fesa da yawa. Kintace ne kawai. In famfon tanki ya gaza daidai lokacin da aka danne totur, mai ya yi ƙaranci, inji ya ɗau zafi cikin daƙiƙu. Gaskit ne ke fara tafiya, don kusoshi huɗu kacal ke kewaye da kowace silinda, masu sana'ar ma har hamdala suke yi in shi ya ƙone, don ya tare wa fistin faɗa. Wanda ya magance wannan ya ci gaba da ƙara iska, a wajen doki 500 yake cin karo da iyakar ƙarshe: bulok ɗin kansa, wanda Ford ta yi masa siririn zubi don rage nauyi, ya tsage gida biyu ta tsakiya.

Daga 1996 doka a Amurka ta sa kowace mota ta zo da soket iri ɗaya na karanta burenbos, wato kwamfutar inji, ba a jima ba kuma aka iya sake rubuta saitin cikinsa. Mai saiti ya ɗora mota a kan na'urar gwajin ƙarfi, yana ganin ma'aunin mai da iska da lokacin wuta a fuskar kwamfuta, yana gyara kowane mataki na juyin inji. Mutuwar fistin ta ragu ƙwarai. Sai iyakar ta koma kan ƙarfen kansa. Injin Mustang mai lita 4.6 da ya gaji na da, konrod ɗinsa da garin ƙarfe aka matse aka gasa, fistin kuma na zubi, masu sana'ar suka tsayar da iyakarsa tsakanin doki 400 da 450 a taya. Ta haka mutum zai iya sanin inda injinsa zai karye tun kafin ya karya shi.

Mai son sanin abin da injiniyoyi ke tsoro, ya dubi abin da suke canzawa in su da kansu za su sa sufacaja. Da Toyota ta sa wa MR2 a 1986, ta rage matsin injin daga 9.4 zuwa 8.0, ta sa fistin na ƙira, ta canza giyar da wadda ta fi ƙarfi. Da Ford ta fito da Mustang Cobra ta 2003 mai doki 390, ta bar bulok na alminiyam ta koma na baƙin ƙarfe, ta sayo konrod daga kamfanin Manley, ta sauke matsi zuwa 8.5, ta sa giyar Tremec mai hawa shida. Jerin nan shi ne jerin wuraren da injin kamfani ke da rauni.

Ciwo ya koma baya

Da aka shawo kan wutar cikin silinda, sai ɓarnar ta gangara bayan inji. Giya da aksul ba ruwansu da lissafin dawaki, ƙarfin murɗawa su suka sani, shi kuwa sufacaja ta fi ƙara shi. Kuloci ne ke fara sulɓewa. A canza shi da mai riƙo, sai nauyin ya wuce kan haƙoran giya. Giyar T-5 ta tsohuwar Mustang ta shahara da zubar da haƙoran lamba uku. A motocin General Motors masu giyar otomatik 4L60E, faifan lamba uku da huɗu ne ke ƙonewa, man giya ya yi baƙi yana ƙauri. A Camaro ta ƙarshen shekarun 1990, ƙaramin aksul ɗin baya ne ke watsewa, musamman in an sa taya mai kama ƙasa. Tayar da ke sulɓewa tana rage wa aksul nauyi, wadda ta kama kuwa duk nauyin a kansa yake sauka.

Irin sufacajar ma yana da tasiri. Samfurin Roots da na Lysholm mai kama da sukurori biyu, wanda Whipple da Kenne Bell suka yaɗa, suna ba da cikakkiyar iska tun inji na juyi a hankali. Daɗin tuƙi ke nan, amma a nan ne konrod ke lanƙwashewa giya ta sha wuya. Mai farfela irin ta Vortech sai juyi ya hau take cika iska, don haka ta fi tausaya wa kayan baya.

Akwai kuma ƙananan wuraren da ba wanda ya zata. Injunan LS na Chevrolet, tun daga Corvette ta 1997, fulin gabansu matse shi kawai aka yi a hancin karanshaf aka ɗaure da ƙusa ɗaya, babu makullin da ke hana shi zamewa, don abin da zai juya bai wuce janareta da famfon ruwa da makamantansu ba. Da aka rataya masa sufacaja mai cin dawaki masu yawa, sai ya fara juyawa a kan hancin yana cin sa. Maganin da makanikai suka samo shi ne a huda rami ɗaya ko biyu a daidai mahaɗar fulin da karanshaf, a buga 'yan sandunan ƙarfe. Aikin awa ɗaya ne, amma wanda ya tsallake shi karanshaf zai saya. A injin Coyote na Ford kuma, wanda ya fito a 2011, haƙoran famfon baƙin mai ne ke farfashewa in girgiza ta yi yawa a babban juyi, inji ya rasa mai nan take.

Garanti

Wata doka ta 1975 a Amurka, Magnuson-Moss, ta hana kamfani soke garantin mota gaba ɗaya don kawai an sa mata kayan waje, amma ta bar masa damar ƙin biyan gyaran da kayan suka jawo. Ga mai sufacaja, wannan na nufin in inji ya tafi, aljihunsa ne. Alamar cewa sana'ar ta balaga ita ce ranar da kamfanoni suka fara tsaya wa kayan da kansu. Sashen TRD na Toyota ya sayar da sufacaja tun ƙarshen shekarun 1990, in dila ne ya ɗaura kuma garantin inji yana nan. Ta injin V6 mai lita 3.4 ta yi fama da ƙarancin mai da ƙwanƙwasa, har aka ƙara mata nozul na bakwai. Ta Tundra mai lita 5.7 kuwa ta ɗaga ƙarfi daga doki 381 zuwa 504 ba tare da an buɗe cikin inji ba. Toyota ta daina sayar da su a 2015.

Ga Mustang ta 2018, Ford da kamfanin Roush sun fitar da sufacajar da ke kai injin doki 460 zuwa 700, a kan fistin da konrod na kamfani, da matsi 12 zuwa 1, da garantin shekara uku ko mil 36,000. Makaniken 1990 da ya ji wannan da ya ce tatsuniya ce. Abin da ya sa ya yiwu shi ne burenbos mai sauri, da na'urorin sauraron ƙwanƙwasa, da lagireton iska, da rotocin sufacaja na zamani na kamfanin Eaton da ba sa dafa iska kamar na da, da fetur mai babban okten. Amma a dubi abin da Ford ɗin ta yi a 2020 da za ta sayar da GT500 mai doki 760 daga masana'anta: ta sauke matsi zuwa 9.5, ta ƙarfafa bulok da konrod, ta sa sabuwar giya, ta canza farfela da shaf ɗin baya. Bambancin doki 60 ne kacal. Motar farko an yarda za ta kai ƙarshen garanti, ta biyu an gina ta ne don ta yini a filin tsere ta kuma tsufa.

Inda zancen ya shafe mu

Yawancin waɗannan alƙaluma an samo su ne a ƙasar da ke da fetur hawa-hawa a gidan mai, kuma kusan duk mai sayar da sufacaja sharaɗinsa na farko shi ne a sha mafi girman okten. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, okten ɗinsa kuma bai kai wanda ake nufi ba. Ga zafin Afrilu a Kano ko Maiduguri ko Damagaram da ke haura digiri 40, wanda ke nufin iskar da ta fito daga sufacaja tana iya wuce digiri 100 kafin a sanyaya ta. Ga ƙurar hunturu da ke toshe filta da lagireto. Motocin Amurka na hannu da ke shigowa ta Legas da Kwatano kuma sun riga sun ci tafiya, wasu ma da saitin mai su na farko a burenbos. Rarar da mai Tundra a Amurka zai kashe wajen gudu, a nan rana da mai sun riga sun ci rabonsu a cikinta.

Wannan bai sa abin ya gagara ba, tsari yake buƙata. A fara gwada matsin kowace silinda a ga ko injin na da lafiya. A tabbatar famfon mai da nozul za su wadatar. A sa lagireton iska, a yi saiti da man da za a riƙa sha a zahiri, a janye wuta ko da za a yi asarar 'yan dawaki. A ware kuɗin kuloci da na'urar sanyaya man giya tun kafin a saya. Sannan a bar fulin da kayan suka zo da shi. Ƙaramin fuli yana ƙara iska da kuɗi kaɗan, shi ya sa ya kashe injuna masu yawa, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Nauyin ya fi hawa kan makanike, domin shi ya san abin da mai mota bai sani ba. Wanda zai dubi mai kuɗi ya ce masa, "Alhaji, da wannan man ba zan wuce psi 5 ba, in kana son fiye da haka sai mun buɗe inji," ya yi sana'arsa da gaskiya, ko da cinikin ya kuɓuce masa. Wanda kuma ya more motarsa da sufacaja ya zo sayarwa, haƙƙin mai saye ne a gaya masa abin da injin da giyar suka ɗauka, ko da an riga an kwance na'urar.